Katako Zalla ko Allo Mai Lulluɓi: Abin da Kimiyyar Itace Ke Cewa Game da Zaɓen Kayan Ɗaki

Gabatarwa

A ƙasar Hausa sayen kayan ɗaki ba ƙaramin al'amari ba ne. Uba kan shafe shekaru yana tanadi domin ya yi wa 'yarsa gado da kabad da kujeru kafin ranar da za a kai ta ɗakin miji. Amma sau da yawa ba a rufa shekara biyu sai a ga saman tebur ya tsage, ko gindin kabad ya kumbura yana marmashewa. Akan ɗora laifin a kan kafinta, alhali kuwa tushen matsalar yakan kasance a cikin halittar katakon ne. Wannan maƙala za ta duba iri biyu na kayan ɗaki da ke kasuwa, wato na katako zalla da na allo mai lulluɓi, tare da bayyana dalilin da ya sa kowannensu ke lalacewa ta hanyar da ya keɓanta da ita.

Yadda Katako Yake a Halitta

Idan aka sa ɗan yankin katako a ƙarƙashin madubin ƙara girma, za a ga kamar damin siraran bututu ne da aka jera a tsaye. Waɗannan bututu ƙwayoyin halitta ne da suka riƙa ɗaukar ruwa daga saiwa zuwa ganye, ko suka tallafi bishiyar lokacin da take raye. Bangonsu ya ƙunshi sinadarin selulos, wanda ya kai kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na nauyin busasshen katako, da kuma lignin, wanda ke ɗaure su kamar yadda siminti ke ɗaure bulo.

Selulos na da wata ɗabi'a: yana jan laima daga iska, yana kuma sakinta idan iska ta bushe. Da zarar ruwan da ke cikin katako ya yi ƙasa da kimanin kashi 30 cikin 100, sai bangon ƙwayoyin ya fara tsukewa. Tsukewar ba daidai take ta kowane gefe ba. A tsawon katako kusan babu ita, amma a faɗinsa tana da yawa. Wannan bambanci shi ne mabuɗin fahimtar duk abin da zai biyo baya.

A garuruwa irin su Kano da Katsina da Damagaram, laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 lokacin hunturu, sannan ta haura kashi 70 a tsakiyar damina. Saboda haka saman tebur na katako zalla mai faɗin mita ɗaya zai iya ƙaruwa da raguwa da santimita ɗaya zuwa biyu a cikin shekara guda.

Katako Zalla

Katako zalla shi ne wanda aka yanko daga gungume aka feƙe shi, ciki da waje abu ɗaya. Daga cikin itatuwan da ake ji da su akwai maɗaci da kawo da loko da madobiya. Amfaninsa a bayyane yake: yana riƙe ƙusa da kyau, yana ɗaukar nauyi, kuma idan ya ƙarje ana iya goge shi da samfefa a sake masa fenti sau da yawa. Idan ruwa ya taɓa shi yakan kumbura, amma yana bushewa sai ya koma kusan yadda yake.

Haka kuma, tsakiyar gungumen waɗannan itatuwa, wadda ta fi duhun launi, tana ɗauke da sinadarai da bishiyar ta tara waɗanda gara da funfuna ba sa so. Farin gefen da ke kusa da ɓawo kuwa ba shi da wannan kariya, kuma yana da sitaci, abincin ƙananan ƙwari masu huda katako su bar gari a ƙasa. Ke nan ba kowane sashe na loko ko kawo ne ke da ƙarko ba.

Babban abokin gabar katako zalla shi ne ɗanyantaka. Katakon da aka sare a dazuzzukan kudu masu laima, aka loda shi a mota zuwa arewa, aka yi aiki da shi bai bushe ba, hunturun farko zai tona masa asiri: ya tsage, ya lanƙwashe, mahaɗansa su saki.

Allo Mai Lulluɓi

A nan, ana yanka gungume mai kyan zane falle-falle da wuƙar inji, kowane falle kaurinsa bai cika wuce rabin milimita zuwa milimita ɗaya ba, sannan a liƙa shi da gam a kan wani allo mai araha. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A cikin kabarin Fir'auna Tutankamun, wanda aka gano a Masar a 1922, an sami kayan ɗaki da aka lulluɓe da fallayen baƙin katako da hauren giwa, shekaru fiye da 3,000 da suka wuce.

Ingancin irin wannan kaya ya dogara ne ga abin da ke ƙarƙashin lulluɓin. Idan filawud ne, to fallaye ne aka ɗora bisa juna, uku ko biyar ko bakwai, kowane ɗaya zarensa na gicciye da na ƙasansa. Da yake katako ba ya tsukewa a tsawonsa, kowane falle sai ya hana maƙwabcinsa motsi a faɗi. Shi ya sa filawud bai damu da hunturu ba. Idan kuwa allon MDF ne ko na ɗiddigar katako, to niƙaƙƙen katako ne aka cuɗa da gam aka matse da zafi. Shi ma ba ya tsagewa, fuskarsa kuma sumul take. Amma idan ruwa ya shige shi, matsattsun zarurrukan sai su saki, allon ya kumbura, kuma ba zai taɓa komawa yadda yake ba. Bugu da ƙari, ba ya riƙe ƙusa sosai, musamman idan an kwance an sake ɗaurawa yayin ƙaura.

Akwai kuma batun lafiya. Gam ɗin da ake haɗa yawancin waɗannan alluna da shi yana fitar da iskar fomaldehaid, wadda ke sa ido yaji, wadda kuma hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji a 2004. Iskar ta fi fita lokacin da kayan ke sababbi, da kuma lokacin zafi. Don haka ya kamata a riƙa buɗe tagogin ɗakin da aka jera wa sababbin kaya.

Rabon Daji a Cikin Zaɓen

Maɗaci ko kawo kan ɗauki shekaru da dama kafin ya isa sara. Yawan saran madobiya a jihohi irin su Taraba domin kai wa ƙasar Sin ya sa yarjejeniyar CITES ta sanya wa cinikinta tsakanin ƙasashe takunkumi daga 2017, maɗaci da kawo kuma suka bi sahu a 2023. Katako guda mai kaurin milimita 25, idan aka yanka shi falle-falle, zai ba da kusan falle 40. Ta wannan fuska lulluɓi tattalin daji ne, muddin kayan za su daɗe. Kabad ɗin da za a jefar bayan shekara uku bai ceci bishiya ko ɗaya ba.

Yadda Za a Zaɓa

Na farko, a duba bakin allon. A katako zalla zanen sama yana zarcewa har gefe, kuma ana ganin ƙananan ramukan bututun a ƙarshensa. A allo mai lulluɓi za a ga layin liƙi, kuma bayan kayan kan bambanta da gabansa. Idan zane ɗaya yana ta maimaita kansa, to wataƙila ba katako ba ne ma, takarda ce ko roba mai hoton katako.

Na biyu, a dubi aikin da kayan zai yi. Ƙafafun gado da kujera da duk abin da ke taɓa daɓen da ake gogewa da ruwa, katako zalla ya fi dacewa da su. Faffaɗan ƙofofin kabad da bangonsa kuwa, filawud mai lulluɓi ya fi jure sauyin yanayi. Sau da yawa kaya mafi inganci shi ne wanda ya haɗa biyun. MDF kuma a nisanta shi da kicin da randa da bango mai danshi.

Na uku, a tambayi kafinta tsawon lokacin da katakonsa ya yi yana shan iska a inuwa, a kuma ƙi wanda farin gefe ya yi masa yawa.

Gwaji Domin Aji

Malami na iya samo guntun katako zalla da na filawud da na MDF daga shagon kafinta. Ɗalibai su auna tsawo da faɗi da kaurin kowanne, a jiƙa su kwana biyu, a sake aunawa, sannan a shanya su mako guda a auna karo na uku. Daga nan su bayyana wanne ne ya koma yadda yake, da kuma dalili.

Kammalawa

Katako zalla tsoronsa bushewar gaggawa, allo mai lulluɓi kuma tsoronsa ruwa. Hausawa na cewa araha ba ta ado, amma tsada ma ba ta tabbatar da ƙarko idan katakon ɗanye ne. Mai saye da ya san abin da ke ƙarƙashin fenti, ya kuma san inda zai ajiye kayan, shi ne zai ci moriyar kuɗinsa.