Darasin Kimiyya: Yadda Ake Gina wa Sarki Ganuwa a Darar Shogi

Ɗalibai, yau za mu duba shogi, darar mutanen Japan. Allonta gida 81 ne, tara a tsaye tara a kwance, kuma kowane ɗan wasa yana farawa da 'ya'ya 20. Wanda aka rutsa sarkinsa, shi aka ci.

Ku fara riƙe doka ɗaya: ɗan da ka kama ya zama naka, kana iya dasa shi a kusan duk gidan da babu kowa. Ke nan maƙiyi ba sai ya ratso allo ba, haka kawai za ka gan shi a gefen sarkinka. Shi ya sa ake janye sarki daga tsakiya a kewaye shi da masu gadi. Japanawa na kiran wannan gini kakoi.

Masu gadin galibi uku ne: zinariya biyu da azurfa ɗaya. Zinariya tana taka gida ɗaya ta fuska shida, amma ba ta komawa baya a karkace. Azurfa kuwa fuska biyar gare ta, ba ta zuwa gefe, ba ta ja da baya a miƙe. Inda wannan ta gaza, nan waccan ke tsarewa. Sannan a nesanta sarki da hisha, babban ɗan hari, domin inda hisha take nan faɗa ke ɓarkewa.

A cikin ire-iren kakoi, Mino ita ce mafi sauƙi, kuma da ita nake so ku fara. Idan hisha ta koma hagu, sarki ya yi taku uku zuwa dama, azurfa ta tsaya gefensa, zinariyar hagu ta matso kusa da 'yar'uwarta. Taku biyar ke nan, sai a tura sojan bakin allo don sarki ya sami hanyar gudu. Mino tana jure harin gefe ƙwarai, amma daga gaba tana da rauni.

Yagura akasin haka take: ƙarfinta gaba, rauninta gefe.

Anaguma tana cusa sarki a kusurwa, a toshe shi ta kowace fuska. Da wuya a yi masa barazana, sai dai gininta na cin taku da yawa, kuma ranar da ta fashe babu mafita. Wannan jinkirin ginin ne wani gwanin shogi, Takeshi Fujii, ya lura da shi. Ya tsara salon da ke barin nasa sarkin a tsakiya na ɗan lokaci, ya afka wa abokin karawa tun bai gama gini ba. A 1998 ya ci kambun shogi na Ryuo. Ku dai kada ku kwaikwaye shi tukuna, wannan aikin gwanaye ne.

Aikin gida: ku zana allo, ku jera Mino, ku nuna ɗan da ke tsare kowane mai gadi, da gidan da maƙiyi zai fi son dasa ɗansa.