Labarin Yaƙin Katolika da Furotesta a Ƙasar Faransa

Mai karatu, wannan labarin wata babbar ƙasa ce ta Turai, wadda mutanenta suka shekara 36 suna karkashe junansu, alhali harshensu ɗaya, sarkinsu ɗaya. Ka karanta a hankali, ka lura da abin da ya kunna wutar, da abin da ya kashe ta.

1. Asalin rabuwa

A zamanin da, Kiristocin yammacin Turai duka ƙarƙashin shugaba ɗaya suke, watau Paparoma, wanda ke zaune a birnin Rum. Cikin shekarar 1517 wani malami Bajamushe, sunansa Martin Luta, ya rubuta magana 95 yana sukar takardun gafara da ake sayar wa mutane. Ya ce gafara ba ta sayuwa da kuɗi. Daga baya ya ƙara da cewa Littafi Mai Tsarki shi ne hujja, yana gaba da maganar Paparoma. A lokacin kuwa an riga an sami injin ɗab'i, saboda haka maganarsa ta bazu da sauri. Waɗanda suka rabu da Paparoma aka kira su Furotesta, waɗanda suka tsaya tare da shi su ne Katolika.

Wani Bafaranshe mai suna Kalbin ya bi wannan hanya, ya gudu ya zauna a birnin Janiba. Daga can ya riƙa aika da masu wa'azi da littattafai zuwa ƙasarsu. Mabiyansa na Faransa ana ce da su Huganawa. Wajen 1560 sun kai kamar mutum ɗaya cikin goma. Ba su da yawa, amma cikinsu akwai masu sana'a, da attajirai, da manyan hakimai masu dakaru.

2. Sarauta a hannun yara

Cikin 1559 Sarki Hanri na Biyu yana wasan sukuwa da masu, sai tsinken mashi ya shige masa ido, bayan kwana 10 ya rasu. Babban ɗansa ya gaje shi yana da shekara 15, shi ma ya rasu cikin 1560. Aka naɗa ƙanensa Sharl na Tara, yaro ɗan shekara 10, uwarsu Katarina ta riƙe masa mulki.

To, ka san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Manyan gidajen sarauta suka tashi, kowa yana so yaron ya zama a tafin hannunsa. Gidan Giz suka shugabanci Katolika. Waɗansu daga gidan Burbon, dangin sarki, da wani babban jarumi wai shi Kolinyi, suka shugabanci Huganawa. Daga nan gardamar addini da neman mulki suka cuɗe, har ba a iya rarrabe su.

Katarina ta so sulhu. A farkon 1562 ta yarda Huganawa su yi sujada, amma a bayan ganuwar gari. Ba a yi wata biyu ba, ran 1 ga Maris, hakimin Giz ya biyo ta wani gari da ake kira Basi, ya tarar da Huganawa suna sujada cikin wani babban ɗakin ajiyar hatsi. Rigima ta tashi, dakarunsa suka kashe mutum wajen 50. Yaƙi ya ɓarke ke nan. Tsakanin 1562 da 1598 sau takwas ana gwabzawa, a yi sulhu, a sāke warwarewa. Kowane gefe ya yi ɓarna. Huganawa suka farfashe siffofin da ke cikin majami'u, suka kashe limamai. Katolika suka ƙone littattafai, suka kashe masu wa'azi. Baƙi kuma suka sa hannu: Sarkin Sifen ya taimaki Katolika, Sarauniyar Ingila ta taimaki Huganawa.

3. Bikin da ya zama makoki

Cikin 1572 Katarina ta yi dabarar haɗa gidajen biyu da aure. Ta ba da 'yarta ga Hanri, Sarkin Nabar, saurayi ɗan shekara 18, Bafurotesta daga gidan Burbon. Aka ɗaura aure a Paris ran 18 ga Agusta, manyan Huganawa suka cika gari don biki.

Bayan kwana huɗu wani ya laɓe a ɗaki ya harbi Kolinyi, ya ji masa rauni, bai mutu ba. Huganawa suka husata. Tsoro ya kama mutanen fada kada a ɗauki fansa, sai suka yanke shawara a riga kashe shugabannin baƙin, sarki kuwa ya yarda. Da asubahin Lahadi, 24 ga Agusta, ranar tunawa da Bartalamawus almajirin Almasihu, aka fāɗa wa Kolinyi a gidansa, aka kashe shi, aka jefo gawarsa ta taga. Da mutanen gari suka ji, sai suka ɗauka sarki ne ya ba su izini. Aka kwana uku ana kisa, ba a bar mata da yara ba, ana zuba gawa cikin kogin Sen. Mutum 2,000 ko 3,000 suka halaka a Paris kaɗai, sa'an nan abin ya bi sauran birane, aka kashe waɗansu dubbai. Shi ango, bai tsira ba sai da ya ce ya zama Katolika. Ya shekara uku da 'yan watanni tsare a fada, cikin 1576 ya kuɓuce, ya koma addininsa na da.

4. Hanri ya sami gadon sarauta

Sharl ya rasu cikin 1574, ƙanensa Hanri na Uku ya gaje shi, shi kuwa bai haihu ba. Bisa ga al'adar Faransa mace ba ta gādon sarauta. Saboda haka da ƙaramin ƙanen sarki ya rasu cikin 1584, sai ya zamana ba magaji sai Hanri na Nabar. Masu zafi cikin Katolika suka ƙi, suka haɗa ƙungiya ƙarƙashin gidan Giz, har suka kori sarkinsu daga Paris cikin 1588. Sarki ya sa aka kashe hakimin Giz. Shekara na zagayowa wani saurayi, malamin Katolika, ya soke sarki da wuƙa, ya mutu.

Hanri na Nabar ya zama Hanri na Huɗu, amma babban birninsa ya rufe masa ƙofa. Cikin 1590 ya kewaye Paris da yaƙi, yunwa ta kashe dubban mutane, har suka ci dawaki da karnuka, duk da haka ba su buɗe ba. Rundunar Sifen ta zo ta cece su. Hanri ya gane takobi yana cin gari, amma ba ya cin zukatan mutane. Cikin 1593 ya shiga Katolika. Waɗansu suka ce don sarauta ya yi, tsofaffin abokansa suka yi baƙin ciki ƙwarai. Amma cikin Maris 1594 ya shiga Paris, kusan ba tare da zub da jini ba.

5. Dokar Nant

Hanri bai manta da mutanensa na da ba. Cikin Afrilu 1598, a birnin Nant, ya kafa doka. Ga abin da ke cikinta. Katolika ne addinin ƙasa, Huganawa za su ci gaba da biyan ushirin ikkilisiya. Amma ba za a tilasta wa kowa ya bar abin da ya gaskata ba. An sanya musu wuraren sujada, ban da cikin Paris. Suna iya riƙe aikin sarki, su shiga makarantu da asibitoci. Idan shari'a ta haɗa su da Katolika, alƙalai na gefen biyu su zauna. An kuma bar musu waɗansu garuruwa masu ganuwa don tsaron kansu. Dokar ta kuma umarci kowa ya bar tone-tonen abin da ya wuce. Ba wanda ya sami dukan abin da yake so, amma manomi ya koma gona, fatake suka bi hanya.

6. Alkawarin da aka karya

Cikin 1610 wani mai zafin addini ya soke Hanri cikin keken dokinsa, ya mutu. Zamanin ɗansa, waziri Rishiliye ya kewaye La Roshel, babban garin Huganawa, har wata 14. Da garin ya sallama cikin 1628, yunwa ta riga ta cinye mafi yawan mutanensa. Aka karɓe musu ganuwa, aka bar musu sujada.

Jikan Hanri, watau Lui na Goma Sha Huɗu, shi ya so ƙasa duka ta bi addini ɗaya. Aka riƙa saukar da soja cikin gidajen Huganawa, su ci, su sha, su yi ɓarna, har mai gida ya gaji ya tuba. Cikin 1685 ya soke Dokar Nant, aka rurrushe majami'unsu. Ko da yake an hana su fita, mutum wajen 200,000 suka sulale zuwa Holan, da Ingila, da Jamus, waɗansu har kudancin Afirka. Cikinsu akwai masaƙan siliki, da masu ƙera agogo, da hafsoshin soja. Faransa ta yi hasara, maƙwabtanta suka ci riba. Sai cikin 1787, bayan shekara 102, aka sāke yarda da auren Furotesta a gaban shari'a.

Ka ga dai, mai karatu, sulhun da aka ƙulla cikin 1598 bai yi nisa da wanda Katarina ta kawo cikin 1562 ba. Abin da ke tsakaninsu shekara 36 ne na jini da yunwa. Masu iya magana sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, ga shi kuwa cikin labarin nan sarakuna biyu wuƙa ta kashe.

Tambayoyi

1. Me ya raba Martin Luta da Paparoma?
2. Don me mutuwar Hanri na Biyu ta kawo fitina?
3. Faɗi abu uku da Dokar Nant ta ba Huganawa.
4. Wace hasara Faransa ta yi cikin 1685?