Kafin Rami Ya Rufta

A ƙasar Kazaure da Roni akwai duwatsu da tuddai. A Babura, wajen iyakar Nijar, rairayi ya fi yawa. Amma ko'ina ana haƙar ƙasa, har Gwiwa: jar ƙasa don tubali, yashi don bulo, yumɓu don tukwane. Inda aka daɗe ana ɗiba, sai rami ya yi zurfi, gaɓarsa ta miƙe tsaye.

Tsaya ka dubi gaɓar nan da kyau. Ƙasa hawa-hawa take. Sau da yawa ta sama ce mai tauri, ta ƙasa kuwa mai laushi. Mai haƙa ya fi son mai laushin, don ba ta wahalar da diga. Sai ya yi ta rarake gindin gaɓa yana kutsawa ciki, ta sama tana rataye bisa kansa. A nan mutane ke halaka.

Ƙasa tana da nauyi ƙwarai. Wadda ta kai mita 1 a tsawo da faɗi da zurfi takan yi kusan kilo 1,500. Nauyin buhun siminti 30 ke nan. In ta danne ƙirji, numfashi ba ya yiwuwa. A watan Agusta, lokacin malka, ƙasa takan sha ruwa ta ƙoshi. Nauyinta ya ƙaru, riƙonta ya ragu.

Mutanen duwatsun Alps a Turai suna da irin wannan matsala, sai dai tasu dusar ƙanƙara ce. Ita ma hawa-hawa take kwanciya. In hawan ƙasa ba shi da ƙwari, na sama sai ya zame gaba ɗaya. A 1999 ta zaftaro kan ƙauyen Galtur a Ostiriya, mutum 31 suka rasu. Masanansu sukan haƙa rami a cikin dusar don su duba hawa-hawanta, kuma tun 1993 suna auna haɗarin da mataki 1 zuwa 5. A wuri mai haɗari ɗaya bayan ɗaya suke wucewa, don a sami mai ceto. Wannan dabara ta dace da mu.

Gaɓa takan nuna alama. Kafin ka sauka, fara zagayawa ta sama. In ka ga tsaga a doron gaɓa, kada ka shiga. Haka nan in ƙasa tana zubowa kaɗan-kaɗan ba wanda ya taɓa ta, ko ruwa yana tsattsafowa daga jikinta. Kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa mai ƙarfi, a haƙura da aikin. Kuɗin amalanke ɗaya bai kai rai ba.

A riƙa sarar gaɓa daga sama, a kwantar da ita, a yi mata matakala. Tifa da tulin ƙasa su yi nesa da baki. Mutum ɗaya ya tsaya a sama yana gadi. Yara kuwa, kada a aike su ramin yashi su kaɗai.

In gaɓa ta rufta da wani, yi ihu a taru. Mintuna kaɗan ne ke tsakaninsa da mutuwa. A dubi gaɓar tukuna, don takan sake zubowa. In an kusa kansa, a ajiye diga a tona da hannu. A fara buɗe fuska da ƙirji, kada a fizgo shi da ƙarfi. Ko ya miƙe da ƙafarsa, a kai shi asibiti.