Yadda Ake Fitar da Sabuwar Sigar Manhajar Rumbun Bayanai

Idan kana kula da manhajar rumbun bayanai wadda wasu ke ɗauka kyauta su cusa cikin nasu manhajojin, ranar fitar da sabuwar siga ta fi kowace rana haɗari. Manhajar wasa in ta tsaya, a rufe a sake buɗewa. Rumbun bayanai in ya lalace, lissafin kantin wani ne ya salwanta, ko rajistar marasa lafiya. Shi ya sa na fi son a koyi wannan aiki daga SQLite, wadda D. Richard Hipp ya fitar a shekarar 2000, yau kuma tana cikin kowace wayar Android da iPhone.

Kafin ka lissafa sababbin abubuwan da za ka ƙara, rubuta abin da ba za ka taɓa ba. Na farko shi ne tsarin fayil. Fayil ɗin da SQLite ta rubuta da sigar 3.0 a 2004 yana buɗuwa da sigar yau, kuma masu kula da ita sun ce za su ci gaba da riƙe ta har 2050. Kai ma ka tara tsofaffin fayiloli, ɗaya daga kowace sigar da ka taɓa fitarwa. Duk gyaran da ya hana ɗaya buɗuwa, ba zai shiga ba, kome kyansa.

Sai ka killace abin da ya bambanta daga na'ura zuwa na'ura. Yadda Windows ke kulle fayil daban yake da na Linux. SQLite ta tattara irin wannan a wuri guda: os_unix.c da os_win.c, sauran kod ɗin kuwa bai san a kan wace na'ura yake ba. Haka ma jerin lambobi: wasu na'urori suna fara ajiye lamba daga babban ɓangarenta, wasu daga ƙarami. Ka zaɓi ɗaya ka kafa shi a cikin fayil, don a kwafe shi daga waya zuwa kwamfuta ba tare da juyawa ba.

Bayan haka, sauƙaƙa wa mai harhaɗawa. A nan SQLite ta yi dabarar da nake jinjina wa. Tana dunƙule fayilolinta sama da 100 su zama guda, sqlite3.c, tare da sqlite3.h. Mai gina manhaja ya jefa waɗannan biyun cikin aikinsa, shi ke nan. Wanda ke son ginawa daga tushe kuwa, a Linux da macOS zai buga configure sannan make, a Windows zai yi amfani da nmake da Makefile.msc. A farkon 2025, da sigar 3.48.0, masu kula da SQLite sun bar Autoconf suka koma Autosetup wajen shirya configure. Ko CMake ka zaɓa ba laifi, amma ka gwada ginin a kan sabuwar na'ura wadda ba a girka mata kome ba. Taka kwamfutar ta riga ta cika da kayan aikin da ka manta ka girka, ba za ta nuna maka abin da baƙo zai rasa ba.

Idan lokaci ya matso, rufe ƙofa. Babu sabon abu, sai gyaran kuskure. Daga nan gwaji zai fara, kuma a nan mafi yawan lokacinka zai tafi. Gwada abin da ya kamata ya yi aiki ba shi da wuya. Wuyar tana wajen ƙirƙiro masifa da gangan. SQLite tana sa ma'ajiyar ƙwaƙwalwa ta ƙi bayar da wuri a buƙata ta farko, a duba, sannan ta biyu, sannan ta uku, har a zagaye duka. Haka ake yi da faifan da ya cika. Akwai kuma gwajin yankewar wuta ana tsakiyar rubutu: bayan an sake kunnawa, dole a tarar da rubutun ya shiga gaba ɗaya, ko kuma bai shiga ba sam. Mu da muka saba da ɗaukewar lantarki ba sai an yi mana dogon bayani a kan amfanin wannan ba. Ka ƙara da watsa wa manhajar gurɓatattun fayiloli da umarnin SQL marasa kan gado, ka kuma bi ta da Valgrind don kama yoyon ƙwaƙwalwa. Duk wannan a maimaita a kan na'ura mai bit 32 da mai 64, a kan x86 da ARM, da GCC da Clang da MSVC.

Kada ka dogara da tunaninka a ranar fitarwa. SQLite tana da jerin dubawa mai kusan abubuwa 200, ba a fitar da siga sai kowanne ya samu alamar amincewa. Naka ko 20 ne ya isa farawa, muddin duk kuskuren da ya taɓa kuɓuce maka ya samu layinsa.

Saura lamba. Siga 3.45.1 a cikin kod ana rubuta ta 3045001, don manhaja ta iya kwatanta sigogi da lissafi. Lambar tsakiya tana hawa idan an ƙara sabon abu, ta ƙarshe kuma idan gyara kawai aka yi. Sa wa tushen alama, ka buga hatimin SHA3-256 kusa da kowane fayil na saukewa, ka rubuta canje-canjen, waɗanda za su iya shafar tsohon aiki su zo a sama. Sannan ka yanke reshe daga wannan alamar, domin idan rahoton kuskure ya iso bayan mako guda, a kansa za ka yi gyaran kaɗai ka fitar, ba tare da ka haɗa da sabon aikin da bai nuna ba.