Cajin Waya Ba da Waya Ba

A hutun da ya wuce na tarar yayana ya zo gida daga Kaduna da sabuwar wayar hannu, tare da wani ɗan baƙin abu mai kama da faifai, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Da magariba aka kawo wuta, sai na ga ya aza wayar a bisa faifan nan, bai soka mata kome ba, nan take ta yi 'yar ƙara ta fara shan caji. Baba ya gyara tabarau ya dube ta, ya ce, "Kai kuma wane irin siddabaru ne ka zo mana da shi?" Yaya ya ce ai cajin waya ne ba da waya ba. Inna ta ce, "To, in babu waya, me a ke cazawa?" Muka yi ta dariya, domin Bahaushe da kalma guda ya ke kiran abin magana da kuma zaren da ke kai masa wuta. Saboda haka a cikin wannan rubutu zan riƙa ce wa zaren igiya, don kada mu rikice.

Kafin hutu ya ƙare Baba ya fara zancen shi ma zai canja tasa wayar ya sayi mai irin wannan caji. Kuɗi ne ba kaɗan ba, ga kuwa kuɗin makarantarmu na jiransa. Wannan ne ya sa na bi diddigin abin, na kuma ga ya kamata in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu abin da na gano.

Da farko dai ba siddabaru ba ne, darasi ne da mu ke yi a ajin kimiyya. A cikin shekarar 1831 wani masani na Ingila, Maikel Faraday, ya naɗa waya biyu a jikin zoben ƙarfe guda, ba su taɓa juna ba. Duk sa'ad da ya haɗa ta farkon da batir, ko ya raba su, sai allurar awon lantarki da ke jikin ta biyun ta motsa. Watau ƙarfin maganaɗisu in yana canjawa, yana iya haifar da lantarki a cikin wayar da ke kusa da shi. Da wannan hikima ce taransifomar unguwarku ta ke aiki har yau.

To, faifan Yaya da wayarsa taransifoma ce aka raba biyu. A cikin faifan akwai naɗin siririn jan ƙarfe, a bayan wayar kuma akwai ɗan'uwansa. Lantarki yana kai da komowa a cikin naɗin faifan fiye da sau 100,000 a daƙiƙa guda, alhali wutar gidajenmu sau 50 kacal ta ke yi. Wannan kai da komowa shi ke tayar da maganaɗisu, shi kuma ya tsallaka ya haifar da lantarki a naɗin wayar, sa'an nan wayar ta daidaita shi ta zuba a batir. Amma fa tsallaken gajere ne ƙwarai, 'yan milimita ne kawai. Wanda ya yi mafarkin aika wuta nesa ta iska shi ne Nikola Tesla, har ya fara gina wata doguwar hasumiya a Amurka a 1901 domin haka. Kuɗi suka yanke masa, aka rushe ta a 1917.

Shigowar abin cikin wayoyin hannu kuwa bai daɗe ba. A 2008 kamfanoni suka kafa wata ƙungiya mai suna Wireless Power Consortium, a 2010 ta fitar da ƙa'ida guda wadda kowa zai bi, don faifan wani kamfani ya caza wayar wani. Sunan ƙa'idar Qi, kalma ce ta mutanen Sin, ana kuwa furta ta "ci". Ku riƙe wannan suna, za mu komo kansa. Nokia ta sa shi a wayarta Lumia 920 a 2012, Samsung a Galaxy S6 a 2015, Apple kuma sai 2017 da iPhone 8 da iPhone X. Daga baya ya gangaro har cikin wayoyin da aka fi sani a kasuwanninmu, alal misali Infinix Note 40 ta 2024. Duk da haka yawancin wayoyi masu araha ba su da shi.

Amfaninsa da na fi gani shi ne hutar da bakin caji. Duk wanda ya taɓa zuwa rumfar mai gyaran waya ya san ciwon da ya fi kai mutane can. A soka, a zare, a soka, a zare, kullum sau biyu ko uku, ga ƙurar hunturu tana shiga tana danƙarewa, har a kai ga sai an karkata igiya an tokare ta da littafi kafin wuta ta shiga. Wayar Inna ta taɓa kai wa haka, mu ne 'yan riƙe mata igiya. Mai caji a faifai ya tsira daga wannan, har ma wanda bakin cajinsa ya mutu, in wayarsa na da naɗin nan, sai ya ci gaba da harkarsa bai je wurin mai gyara ba. Bugu da ƙari akwai sauƙi. Tsoho wanda idonsa ya yi rauni, ko makaho, ko mai rawar hannu, ba sai ya yi ta lalube a duhu yana neman ɗan ramin nan ba, azawa kawai zai yi. Kuma faifai guda ya ishi mai Samsung da mai iPhone, babu jayayyar wannan caja ba ta shiga tawa.

Amma masu iya magana sun ce kowane allazi da nasa amanu. Abu na farko, sunan ma da ɗan ruɗi a ciki, gama shi faifan da igiya a ke haɗa shi da bango. Igiya tana nan, wurin zama kawai ta sake. Mai caji da igiya yana iya ɗaukar wayarsa ya amsa kira tana ci gaba da sha, mai faifai kuwa da ya ɗaga ta caji ya tsaya. Mu da doka ta hana mu riƙe waya a makaranta mun san ba a mutuwa don an ajiye ta sa'a biyu, amma je ka faɗa wa ɗan kasuwa haka.

Yanzu mu komo ga sunan nan "ci", wanda lalle ya dace da shi, domin akwai shi da cin wuta. Ba duk ƙarfin da ya bar faifai ke isa batir ba, wani yakan zube a tsakani ya zama zafi. A 2020 an yi wani gwaji a Amurka da wayar Pixel 4, aka ga cika ta da igiya ya ci kimanin wat-awa 14, a faifai kuwa kimanin 21. Ga lissafin a sauƙaƙe: wutar da za ta cika waya uku da igiya, biyu kaɗai za ta cika a faifai. In kuma an aza wayar a karkace, naɗin biyu ba su dace da juna ba, hasarar ta fi haka. Ga mutumin da wuta ba ta yanke masa wannan ba wani abu ba ne, ko a takardar kuɗin wuta da ƙyar zai lura. Amma mu fa? Gidan da ke dogara da ɗan batirin sola guda don fitila da fanka da wayoyi biyar, ko mai rumfar caji da ke sayen man janareto da kuɗinsa, kowane ɗigo a ƙirge ya ke. Ban taɓa ganin mai rumfar caji ya jera faifai ba, na kuwa san ba rashin wayewa ba ne.

Sai jinkiri. Faifan farko wat 5 su ke bayarwa, na zamani 15, sabuwar ƙa'idar da ta fito a 2025 ta kai 25. Igiya kuwa, ko a matsakaitan wayoyi, ba abin mamaki ba ne ka ga wat 33 ko 45. In an kawo wuta ba ka san lokacin da za a ɗauke ta ba, saurin sha shi ne magana.

Abin da ya fi damuna shi ne zafin. Batirin waya ba ya shiri da zafi, yana sa shi tsufa da wuri. Kamfanin Apple da kansa ya ce a yi amfani da wayoyinsa a inda zafi bai wuce digiri 35 ba. To, a watan Afrilu Kano da Sakkwato da Maiduguri suna haura 40. Ka ɗauki wayar da rana ta riga ta gasa, ka aza ta a kan abin da ke ƙara mata ɗumi, a ɗaki mai rufin kwano, me ka ke tsammani? Ita kanta wayar in ta ji zafi ya yi yawa sai ta rage shan caji, ko ta tsaya ɗungum. Har ila yau ƙarfe ba ya barin maganaɗisun ya wuce yadda ya kamata, shi ya sa a ke yin bayan irin waɗannan wayoyi da gilashi ko roba, gilashi kuwa kun san halinsa in ya faɗi a siminti. A kuma kula kada makulli ko kwandala ko katin banki ya shiga tsakanin waya da faifai. Faifai mai kyau yakan gane ya tsaya, amma na jabu zai iya gasa ƙarfen har ya ƙona yatsa.

Gaskiya masu ƙira ba su zauna ba. A 2020 Apple ta sa zoben maganaɗisu a bayan iPhone 12 wanda ke jawo faifan ya manne daidai kan naɗin, a 2023 kuma ƙa'idar Qi2 ta ɗauki wannan dabara don sauran kamfanoni. Wannan ya rage matsalar karkacewa, ya kuma rage hasarar, ko da ya ke bai kawar da ita ba. Faifan Yaya ba shi da zoben. Wani dare ƙanwarmu ta ture wayar kaɗan da ta ke neman tocila, da asuba ya tashi ya tarar batirin yana inda ya bar shi.

Na zayyana wa Baba duk wannan a tsakar gida bayan sallar isha'i. Ya saurara har na gama, ya tambaye ni ko wayarsa ta yanzu tana da wani ciwo ban da igiyar da ta tsinke. Na ce babu. Washegari ya aike ni kasuwa na sayo masa sabuwar igiya.

Shi kuwa Yaya bai yarda ba, ya ce a ofishinsu inda akwai wuta da sanyi faifan ya fi masa kome, ni ma ban musa masa wannan ba. Ranar da zai koma, aka kawo wuta saura sa'a guda motarsa ta tashi, batirinsa kuma ya yi ja. Ina kallonsa ya zare igiyar daga jikin faifan, ya soka ta a wayar, ya jefa faifan cikin jaka.