Ƙarin kitse a hannu ko ƙafa

Wani lokaci mutum yana wanka, sai ya ji ƙululu ƙarƙashin fatar damtse ko cinya. Yana da taushi kamar curin tuwo. In an danna shi, sai ya goce ƙarƙashin yatsa. Ba ya ciwo. Sau da yawa wannan ƙarin kitse ne. Likitoci suna ce masa lipom.

Kitse ne ya taru wuri guda cikin wata siririyar jaka. Ba ƙurji ba ne: ƙurji yana da zafi, yana tara mugunya. Ba sammu ba ne, kuma ba a ɗaukar shi daga wani. Ya fi fitowa ga masu shekara 40 zuwa 60. Yana girma sannu-sannu, shekara da shekaru.

Babu ƙwaya ko saiwa da ke narkar da shi. Ƙarami wanda bai dami mai shi ba, ana iya barin shi. In yana hana riƙon hauya ko tafiya, sai a yi fiɗa.

Amma wannan ba aikin wanzami ba ne. Cikin hannu da ƙafa akwai manyan hanyoyin jini da jijiyoyin da ke motsa yatsu. In aska ta yanke su, jini zai zuba da yawa, ko yatsu su shanye. In ta bar guntun jakar, ƙarin yana iya dawowa. Ga kuma tetanos, ciwon da ke sandarar da jiki, wanda ƙazantar aska ke jawowa.

A asibiti ana yin allurar kashe zafi a wurin. Mutum yana farke, amma ba ya jin yanka. Likita ya tsaga fata, ya ciro kitsen da jakarsa, ya ɗinke. Ƙarami ba ya kai awa guda, kuma ranar ake komawa gida. Bayan kwana 10 zuwa 14 a cire zare. Kafin nan, ƙasa da taki kada su taɓa miki. Shi ya sa ya fi kyau manomi ya yi wannan aiki bayan kaka, don ya warke kafin shuka.

Akwai ƙarin da ba ya jiran kaka. Wanda ya wuce santimita 5, wato girman ƙwan kaza. Wanda ke can cikin tsokar cinya, mai tauri, ba ya motsi. Wanda ke girma da sauri, ko yake ciwo, ko ya dawo bayan an cire shi. Irin wannan yana iya zama kansa, ko da yake ba ta da yawa. Mai shi ya nuna wa majo na gidan likita mafi kusa. Shi zai tura shi babban asibiti, Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai. A can za a ɗauki hoton cikin tsoka kafin a sa wuƙa, kuma a aika abin da aka ciro a auna.