Shin Ya Halatta A Hau Dutsen Dala?



Wani ɗan'uwa ya turo min saƙo bayan ya ga hotona da ɗaliban Islamiyyarmu a saman Dala. Ya ce: "Malam, ba can ne wurin Tsumburbura ba? Ya mai kira zuwa ga tauhidi zai kwashi 'ya'yan mutane ya kai su matsafa?" Ba shi kaɗai ba ne. Mahaifin ɗaya daga cikin yaran ma hana ɗansa zuwa ya yi, har ya ce idan irin wannan karatun ake yi zai cire shi daga makarantar. Ban ga laifinsu ba, kishin aƙida ne. Amma kishi yana buƙatar ilimi, shi ya sa na ga ya dace in amsa a fili.

Bari in fara da inda ni kaina na koyi amfanin taka wurin tarihi da ƙafa, wato Madina, lokacin ina ɗalibi.

Duk wanda ya karanta Sira ya san kalmar "harra". Mu a zaure an fassara mana ita da ƙasa mai baƙaƙen duwatsu, muka haddace muka wuce. Sai wata Alhamis ni da wani abokin karatuna muka fita bayan gari don mu gani da ido. Wallahi ban yi tafiyar rabin awa ba silifas ɗina ya tsinke. Duwatsu ne baƙi ƙirin, masu huji-huji kamar soso, bakinsu kamar wuƙa, babu inda za ka ajiye ƙafa ta zauna daidai. Asalinsu narkakken dutse ne da ƙasa ta yi amansa, ya gudana kamar kunu, ya sandare. Kuma ba tsohon labari ba ne kawai: a shekara ta 654 bayan Hijira, wato 1256 Miladiyya, wuta ta ɓarke a gabashin Madina ta yi makonni tana gudana, malamai irin su Imam Nawawi da suka rayu a lokacin sun ambace ta.

To, ka tuna Hijira. Annabi (SAW) da Abubakar (RA) sun kwana uku a kogon Sauru, sannan ɗan jagoransu Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, wanda a lokacin ba Musulmi ba ne, ya kauce wa hanyar da kowa ya sani ya bi da su ta gaɓar Bahar Maliya, kafin su karkato zuwa Ƙuba. Bukhari ya ruwaito cewa mutanen Madina kullum da safe sukan fito kan harra su tsaya jira, har sai zafin rana ya kore su gida. Na karanta wannan ruwayar ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Amma sai ranar da na tsaya kan dutsen nan da hantsi, zafi yana ratso tafin ƙafata, sannan na gane irin son da zai sa dattijo ya riƙa fitowa wannan wuri kowace safiya. Tun daga ranar na ƙudurta in na dawo gida ɗalibaina ba za su tsaya ga takarda kaɗai ba.

Mu a Kano ba mu da teku, ba mu da harra. Dala ba aman wuta ne ya haife shi ba, jar marmara ce mai tama a ciki, kuma tamar nan ce ta jawo mutane suka zauna a gindinsa. Masu binciken tarihi sun tono wurin narkar da ƙarfe a nan, suka ce ya kai ƙarni na 7 na Miladiyya. Ku lura da kyau: Hijira a 622 aka yi ta, ƙarni na 7 ke nan. Wato a ƙarnin da Annabi (SAW) ya bi hanyar gaɓar teku, maƙera na zuga wuta a gindin Dala, ba su san an aiko Manzo ba. Sai da aka yi shekara wajen 700 kafin Wangarawa su iso daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349–1385).

Maganar tsafi kuwa gaskiya ce, ba na ɓoye wa yara ita. Tsohon littafin tarihin Kano da aka rubuta da Larabci ya kawo labarin Barbushe, da bishiyar da aka kewaye da katanga wadda ba mai shiga sai shi, da yadda jama'a kan taru a gindin dutsen da baƙaƙen dabbobi, kare da kaza da bunsuru, don yanka wa Tsumburbura. Shirka ce tsantsa. Tambayar ita ce: wurin da aka taɓa yin shirka, ya haramta ga Musulmi har abada?

Sahabbai sun riga mu shiga wannan damuwar. Safa da Marwa duwatsu ne da aka ɗora wa gumaka, Isafu da Na'ila. Anas (RA) ya ba da labari cewa da Musulunci ya zo sai suka ƙi yin sa'ayi a tsakaninsu, suna ganin aikin jahiliyya ne, har Allah Ya saukar da aya ta 158 a Suratul Baƙara Ya ɗauke musu wannan ƙuncin. Ba ina daidaita Dala da Safa ba ne, a'uzu billahi, waccan ibada ce, wannan kuwa ba lada a hawansa don kansa. Abin da nake so a gani shi ne, gunki ba ya mallake dutse. Dutsen na Allah ne tun kafin a ɗora masa gunki, na Allah ne bayan an sauke.

Wani zai kawo min ƙissar Hijru, garin Samudawa, inda Annabi (SAW) a hanyar Tabuka ya hana shiga sai da kuka, ya kuma gaggauta wucewa. Wannan hukuncin wurin da azaba ta sauka ne. Ba mu da nassi cewa an halaka mutanen Dala. Jikokinsu ma musulunta suka yi, wataƙila mai tambayar yana cikinsu, wataƙila ni ma.

Amma akwai iyaka, kuma a nan nake tare da mahaifin yaron ɗari bisa ɗari. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wani mutum ya yi bakance zai soke raƙumi a wani wuri da ake kira Buwana. Kafin Annabi (SAW) ya ba shi izini sai da ya bincika: an taɓa bauta wa gunki a wurin? Ana yin wani idin jahiliyya a can? Da aka ce a'a, sannan ya ce ya cika. Malamai suka fahimci cewa da an ce e, da an hana shi, ko da kuwa don Allah zai yanka. Saboda haka yanka a kan Dala bai halatta ba, ko da sunan sadaka ne. Haka ɗebo ƙasarsa don magani, ko keɓe wata rana a ce ranar hawa ce mai albarka, ko zuwa can takanas don addu'a wai ta fi karɓuwa. Wanda kuma ya hau don neman wani abu wurin aljanun dutsen, to ya koma addinin Barbushe ko da rawani ne a kansa.

Kada a ce wannan ya wuce. Ranar da muka hau, a wani lungu gefen matakalar, wani yaro ya nuna min fasasshen ƙoƙo da gashin baƙar kaza da busasshen jini. Na tara su a wurin na ce ku duba da kyau. Darasin Kitabut Tauhid da na yi wata uku ina yi musu a aji bai shige su kamar minti goman nan ba. Wani ƙarami ya ce, "Malam, ashe har yanzu ana yi?" Na ce ana yi, kuma mai yin ƙila sahu ɗaya muke tsayawa da shi ranar Juma'a.

Hawan kansa ba wuya. Ana cewa tsayinsa mita 534 ne, amma daga doron teku ake aunawa, Kano kuwa da ma a tudu take. Matakala ce ta siminti, yaro ɗan shekara goma zai haye ba tare da ya zauna ba. Ni dai na zauna sau ɗaya, zaman ofis da tuwon dare sun yi aikinsu.

A sama ne karatun yake. Ga Goron Dutse can, ga hasumiyoyin Babban Masallaci kusa da Gidan Rumfa, ga rufin Kasuwar Kurmi. Na nuna musu wajen Madabo, unguwar da ake danganta tsohon masallacinta da Wangarawa, da wajen Sharifai, inda zuriyar Shehu Maghili suke, malamin da ya zo zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya rubuta masa nasiha kan mulki. Na ce su nemo min ganuwa, wadda Sarki Gijimasu ya fara ginawa wajen shekara 900 da suka wuce. Da ƙyar suka gano guntayenta, gine-gine sun cinye wani wuri, masu ɗiban ƙasa sun cinye wani. Shi ma Dalan ruwa na zaizayarsa, leda ko'ina, ga warin bahaya, ga wasu samari a gefe suna busa abin da suke busawa. Mun yi musu sallama, sun amsa da ladabi, ɗaya har ya ɓoye hannunsa a baya. Mutanen kirki sun ƙaurace wa wurin don tsoron Tsumburbura, to wa kuke so ya zauna a can?

Muna shirin saukowa aka fara kiran sallar La'asar. Wanda bai taɓa jin kiran salla daga saman Dala ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Masallaci ɗaya ya fara, na kusa da shi ya karɓa, kafin ka ankara ta gabas da yamma, kudu da arewa, duk gari ya ɗauka. Muna tsaye daidai inda aka ce Barbushe yana tsayawa. Ban ce wa yaran komai ba, su ma ba wanda ya yi magana.

Na je har gida na sami mahaifin yaron nan, na karanta masa hadisin Buwana da maganar Anas. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Malam, in za ku koma da ni za a je, in gani da idona." Mun sa Asabar mai zuwa bayan sallar Asuba, in sha Allahu. Duk mai zuwa ya taho da buhu don kwashe leda, kuma ya sa takalmi mai rufi, kada ya yi irin tawa ta Madina.

Wallahu a'alam.